Tukunyar da Iska Ta Ɗauke

Maigidana Mastibek ya rasu ranar Laraba, ana tsakiyar shanyar 'ya'yan itacen da muke kira tut a saman ɗakuna. Shekara arba'in da ɗaya muka yi tare, kuma babu shekarar da bai lalata mini kwano ba. Zan faɗi dalili. Ni aji huɗu na yi aka cire ni zuwa kiwon awaki, saboda haka yadda abin ya zo mini a kai haka zan rubuta shi.

A ƙauyenmu tukunyar taro ɗaya ce, ta ƙarfe, mai kunne huɗu. Tana cin rago biyu da buhun alkama. Biki ko rasuwa, ita ake ara, in an gama a wanke a mayar gidan mai ajiya. Maza biyu ne ke ɗaukarta da sanda. A zamanin aurenmu mai ajiyar shi ne uban Kushnazar, yanzu kuma Kushnazar ɗin ne da kansa, dogon tsoho mai gemu kamar na bunsuru, wanda ko atishawa zai yi sai ya jira mutane sun taru.

Washegarin bikinmu ni na wanke tukunyar da yashi, don aikin amarya ne. Da na gama, Mastibek ya ce ba ya bukatar kowa ya kama masa. Ya kifa ta a kansa kamar hula, ya riƙe kunnuwa biyu, ƙafafunsa kaɗai nake gani suna rawa. Don in gani ya yi. Na kuwa gani, na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Gidan iyayensa yana can ƙasan kwari a lokacin, sai an zagaya kafaɗar dutse kafin a shigo ƙauye. Yana kan wannan kafaɗar, wajen hantsi, rabin Jan Dutse, babban dutsen da ke saman kwarinmu, ya ɓalle ya zubo. Mu a gida ƙara muka ji kamar ƙasa ta tsage, ƙofofi suka bugu, ciyawar da ke saman ɗakuna ta tashi sama, sai ƙura ta rufe rana. Kwana uku muna tari. Babu wanda ya mutu sai awaki tara da jakin wani mutum da dama ba ya jin magana.

Mastibek ya dawo babu hula, babu takalmi ɗaya, babu tukunya. Ya ce iska ce ta shigo ta ƙarƙashi ta fizge ta daga kansa, shi kuma ta wurga shi cikin kwatar ban-ruwa. Ya ce da idonsa ya ga tukunyar ta nufi ƙetaren kogi tana juyi a sama kamar hankaka.

Dattawa suka je suka duba. Daga inda duwatsun suka tsaya zuwa inda ya ce ya faɗi, tafiyar rabin sa'a ce. Ko tsakuwa mai girman kan jariri ba ta kai wurin ba. Uban Kushnazar ya ce, “Yaro, dutse ya tsaya can, kai kana nan. Wace iska ce ke ɗaukar abin da maza biyu ke nishi a ƙarƙashinsa?” Wasu suka ce tsoro ya ji ya jefa ta a kogi ya gudu. Wasu suka ce direbobin manyan motoci ya ba. Aka yanke hukunci cewa gidan Mastibek ba za a ƙara ara masa tukunyar gari ba sai ya dawo da wadda ya ɓatar. Aka samo sabuwa daga garin Horog, ƙarama, mai kunne biyu. Shi kuma aka sa masa suna Mastibek Iska.

Wannan suna ya bi shi har kabari. In mutum ya ɓatar da wuƙa sai a ce, “Ka tambayi iskar Mastibek.” Suna biyu muka yi da auren 'yarmu ɗaya, duk a ƙananan tukwane goma sha ɗaya na dafa, ina gudu daga murhu zuwa murhu kamar wadda aka sa wa wuta a zane.

Shi kuwa bai haƙura ba. Duk shekara in ruwan kogi ya ja baya sai ya ɗauki igiya da gurasa ya ƙetare neman tukunya. Kafin ya tafi sai ya hau kafaɗar dutsen nan da kwanona, ya jira iska, ya wurga, ya ga inda zai sauka. Wai gwaji yake yi. Kwanon sha, kwanon kwaɓa, murfin tukunya, har farantin da uwata ta ba ni.

“Malam,” nakan ce masa, “tukunya ɗaya ka ɓatar wa gari, ni ka ɓatar mini talatin.”

“Ke ba ki gane ba ne, Nazarbegim. Dutse in ya yi yawa yana gudu, iska ba ta samun wurin kaucewa. Tura ta yake yi a gaba kamar yadda kike kora awaki a lungu.”

“To awakina ba su taɓa ɗaukar tukunya ba.”

Akwai kuma abin da ba ya fashi kafin ya ƙetare. A kan kafaɗar dutsen, taku arba'in bayan kwatar da ya faɗa, akwai oston ɗinmu, wurin ziyara. Bayan ƙura ta lafa a waccan shekarar, Kushnazar, yana saurayi, ya ga wani baƙin dutse ya ɓullo daga cikin taɓon da ya daskare, kewayayye sumul kamar kan mai sanƙo. Ya ce ya yi mafarkinsa tun kafin ya gan shi. Aka kewaye shi da gini, aka jera ƙahonin akuyar dutse a kai, aka ce shi ya tare wa ƙauye bala'i. Duk mai bukata sai ya kai man shanu ya shafa masa. Akwai wani ɗan tudu a samansa da mata ke kira cibiya, mai neman haihuwa nan take shafawa. Mastibek yakan tsaya ya shafa nasa man, ya ce, “Ka nuna mini inda take.” Sannan ya juya masa baya ya gangara kogi.

Da ya rasu, sadakar uku da ta bakwai na yi su a ƙananan tukwane, ban ce komai ba, don kaina ba ya tare da ni. Amma ta arba'in ita ce babba, mutanen ƙauyuka uku ke zuwa. In suka zo suka ga tukwane goma sha ɗaya a jere, kowa ya san dalili, kuma za a ci abincin mamaci ana murmushi. Wannan ne na ce ba zan gani ba.

Saura kwana shida na je wurin Kushnazar. Na same shi a ƙofar gida yana tsoma gurasa a shayin gishiri.

“Yaya Kushnazar, na zo aron tukunya.”

“Allah Ya jiƙan Mastibek,” ya ce. “Mutumin kirki ne, ban da abin da kika sani.”

“Ya mutu. Hukuncin bai mutu da shi ba?”

“Ubana cewa ya yi gidan Mastibek. Gidan ya mutu ne? Jiya na wuce na gan shi a tsaye.”

“Kai da shi kuka yi kiwo tare kuna yara.”

“Shi ya sa na san shi. Ƙanwata, in na ba ki, gobe kowa sai ya ɓatar da kayan gari ya ce iska. Ki kawo tsohuwar, ni da kaina zan ɗauko miki a kaina.”

“Da wannan wuyan naka? Ko murfin ba za ka kai ƙofa ba.”

Na juya na tafi kafin in faɗi abin da zai sa halifa, limaminmu, ya kira ni.

A makon nan akwai baƙuwa a gidana, Malama Zarrina daga babban birni, Dushanbe. Hukumar ƙauye ce ta sauke ta wurina don ɗakin Mastibek ya zama babu kowa. Yarinya ce siririya mai tabarau, ba ta iya shan shayinmu sai ta runtse ido. Kullum tana fita da sanda mai lambobi da littafi, tana auna tsofaffin kututture. Na ɗauka ma'aikaciyar gandun daji ce. Ranar da na dawo daga gidan Kushnazar ta same ni ina dukan kwaɓin gurasa kamar shi ya yi mini laifi.

“Inna, lafiya?”

Na ba ta labari tun daga biki. Ina jiran ta yi dariya, sai na ga ta ajiye kofi.

“A ina yake tsaye? Tukunyar a kife take? Bakinta ƙasa?”

“Ƙasa. Kamar hula.”

“Inna, ai abin da na zo nema ke nan. Ni ba itace nake karanta ba, iskar da ke gaban dutse nake karanta. In dutse mai girman wannan ya zubo cikin kwari mai matsi, iskar da yake turawa tana riga shi isa, kuma tana wuce inda ya tsaya da nisa. Tana fin jirgin ƙasa gudu ninki-ninki. Akwai inda ta kwantar da daji guda, akwai inda ta ɗauke rufin gidaje, dutse ko ɗaya bai taɓa su ba. Tukunya a kife kuwa, ai kamar ya riƙe mata lema ne.”

Na zauna a bakin murhu da kwaɓi a hannu.

“Kina nufin gaskiya ya faɗa?”

“Ba na shakka.”

Kuka ya zo mini, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza. Don akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni ma ban yarda da shi ba. Na kare shi a gaban mata, na yi faɗa da ƙannena a kansa, amma a cikin raina na ɗauka tsoro ya ji ya saki tukunyar ta gangara kogi. Kuma ya sani. Mutum ba ya kwana ɗaki ɗaya da ke shekara arba'in bai san abin da kike haɗiyewa ba.

Washegari na ja Malama Zarrina har gaban Kushnazar. Ta buɗe littafi, ta zana dutse, ta zana kibiyoyi, ta faɗi lambobi. Maza biyar suka taru. Kushnazar ya saurara yana shafa gemu.

“'Yata, kin yi karatu, Allah Ya ƙara. Takardar nan tana cin rago nawa?”

“Baba, ban gane ba.”

“Ana dafa alkama a cikinta? To ni tukunya na sani. Mastibek ya faɗi wannan duka ba tare da tabarau ba.”

Mazan suka yi dariya. Ta dawo gida fuskarta ja kamar tuffa.

“To ki lissafa mana inda ta faɗi,” na ce mata.

“Inna, shekara arba'in da ɗaya. Zan iya cewa ƙetaren kogi, tsakanin can da can, amma wurin ya fi ƙauyen nan faɗi sau goma.”

“Nan ya tone duka. Har ramin dila ya leƙa.”

Ta ce abu ɗaya ke damunta a aikinta. Kututturan bakin kogi duk sun karye suna kallon ƙetare, yadda ya kamata. Amma guda bakwai da ke saman kafaɗar dutse sun karye suna kallon baya, wajen Jan Dutse. Ta ce ko dai mutane ne suka sare su daga baya, ko ta yi kuskuren awo, don katangar dutsen da ke ƙetaren kogi ta yi mata nisa a lissafi.

“Babu wanda ya sare su,” na ce. “Na kakan Mastibek ne. Haka muka same su kwance, kawunansu na kallon dutse. Mu muka yi itacen wuta da su shekara biyu.”

Ina faɗin haka ina durƙushe ina hura wuta. Murhunmu a kusurwa yake, kuma itacen ranar ɗanye ne. Na cika baki na hura da ƙarfi, toka ta bugi bangon baya ta dawo mini a fuska, har cikin hanci. Kullum haka take yi mini, kullum ina zaginta. Ranar ban zage ta ba. Na tsaya da toka a gira ina kallon bangon.

“Malama, ƙetaren kogi a wancan lokacin ba haka yake ba. Akwai katangar dutse miƙe a bakin ruwa, daga baya masu aikin hanya suka fasa ta. In iska ta bugi bango, ina take zuwa?”

Ta cire tabarau. “Dawowa take yi.”

“Da abin da ta ɗauka?”

“In bai riga ya faɗi ba. Inna, shi me ya gani bayan ta nufi kogi?”

“Me zai gani? Kansa na cikin kwata.”

Ban tsaya wanke fuska ba. Na ɗauki babban cokalin ƙarfe na fita, tana bina tana tuntuɓe. Tun ina hawa kafaɗar nake lissafi. Mastibek ya faɗi a kwata. Itatuwa bakwai suna bayansa. A tsakiyarsu akwai abu ɗaya da babu shi kafin ranar. Kuma ni na wanke gindin tukunyar nan da hannuna, na san akwai faci a tsakiyarsa, ƙusa uku, har ɗaya ta yanke ni a yatsa, tabon yana nan.

A oston muka tarar da matar jikan Kushnazar tana shafa wa cibiya mai. Na ce mata, “'Yata, matsa kaɗan.” Na ce bismillahi, na sa cokali. Yarinyar ta kurma ihu ta gangara ƙauye da gudu.

Man shanun shekara arba'in da ƙura ya yi kauri kamar tafin hannu. Ina kankara yana ɓarewa kamar ɓawon gurasa. Kafin in kai ƙasa rabin ƙauye ya iso, Kushnazar a gaba, sandarsa a sama, halifa na bayansa yana haki.

“Nazarbegim! Baƙin ciki ya taɓa miki kai? Sauke hannunki!”

“Yaya, matso ka ga cibiyar waliyyinka.”

Ƙusa uku, a jere kamar duwatsun murhu. Na juya cokalin na ƙwanƙwasa. Ba ta yi ƙara sosai ba don cike take da taɓo, amma duk macen da ke wurin ta san wannan sautin.

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, “Wayyo ni, 'ya'yana shida, ashe gindin tukunya na roƙa.”

Halifa ya sa hannun riga a baki, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Da ya samu numfashi ya ce, “Allah ne Ya ba ki, Hajiya. Ku kawo shebur.”

Kushnazar bai ce a tona ba, bai ce a bari ba. Maza suka cire ƙahonin, suka rushe gini, suka tona. Kunne na farko ya fito, sannan na biyu. Da aka kwashe taɓon ciki sai ga hular Mastibek manne a ƙasa, ta zama kamar busasshen ganye. Gindin kuwa ko tsatsa babu. Malama Zarrina ta ce man ne ya kare shi. Tana ta auna taku daga kwata zuwa ramin tana rubutu.

Na juya wurin Kushnazar. “Ka ce in na kawo tsohuwar, kai za ka ɗauka a kanka.”

“Mafarkin dai na yi shi,” ya ce a hankali. “Na ga baƙin abu kewayayye.”

“Ka gani mana. Tun kana yaro take ɗakin ubanka.”

Bai iya ɗauka a kai ba, ban kuma matsa ba, don ba na son sadakar arba'in biyu. Amma ya kama sanda ta gaba, halifa ya kama ta baya, suka sauko da ita ta tsakiyar ƙauye har ƙofar gidana, suna hutawa duk taku ashirin.

Kwana uku ina wanke ta da yashi da ruwan zafi. Ranar arba'in ta ci rago biyu da buhun alkama kamar ba ta taɓa hutu ba. Ban zuba mai ko cokali ɗaya ba, amma mutanen ƙauyen sama suka ce ba su taɓa cin abinci mai maiƙo irin wannan ba. Bayan addu'a Kushnazar ya miƙe, ya jira kowa ya yi shiru yadda ya saba, ya ce, “Mastibek ɗan Shirinbek bai ɓatar da kayan gari ba. Iska ce.” Wani ya fara dariya don sabo, sai ya ga babu mai taya shi.

Da la'asar, bayan an watse, na ɗauki hular na je kabarinsa. Na zauna ta wajen kai. Na yi niyyar faɗin magana mai kyau, irin ta halifa, amma abin da ya fito shi ne, “Malam, taku arba'in. Shekara arba'in da ɗaya kana shafa mata man shanuna kana tambayarta inda take. Sau ɗaya da ka waiwaya.”

Na ɗan jira, kamar zai ce ban gane ba ne.

“Na yarda,” na ce. “Na yarda, ka ji? Iska ce.”

Na tura hular ƙarƙashin dutsen kan kabarin, na ɗora wani dutse a kai don kada ta tashi. Har yau in na hau kafaɗar neman itace nakan tsinci kwanukana a cikin ƙaya, duk sun lotse. Na tara goma sha huɗu a kan kantar ɗakina, ban yarda kowa ya gyara su ba.